Ko Kun Sani?

Ko kun sani akwai wani ɗan inji wanda ba ya shan fetur, ba ya neman lantarki, iyakar bukatarsa gefe guda ya ji zafi, ɗaya gefen kuma ya sami sanyi? Wani malamin coci na ƙasar Sikotilan, Robert Stirling, shi ya ƙago shi a shekarar 1816, hikimarsa kuwa ita ce, iskar da aka tsare cikin bututu, in ta ji wuta sai ta kumbura ta tura fistin, in ta koma wajen sanyi sai ta tsuke fistin ya dawo, da haka wili ke ta juyawa muddin bambancin nan bai gushe ba. Har yau ma'abota ƙira a Turai da Amurka suna sassaƙa ƙananansa a gida, wasu ma zafin kofin shayi ya isa ya tashe su, amma bisa sharaɗin fistin ya zauna daidai, kada iska ta sulale, kada kuma ya cije.

Wannan fanni ba baƙo ba ne a Nijar, domin marigayi Farfesa Abdou Moumouni, haifaffen Tasawa, wanda Jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya shugabanci ONERSOL, wato hukumar makamashin rana ta ƙasar, ya kuma yi nazarin injin da zafin rana ke tayarwa. Saboda haka, ya ku maƙeran Sanam da ɗaliban ƙasar Kurfai, ga rana Allah ya hore muku, ga gwangwani, ga magagari, sai ku jarraba.