Aska takwas a rigar uba da ta ɗa

Idan bikin Damba ya ƙarato a Yendi ta ƙasar Ghana, magidanci kan kai wa tela yadi biyu, ya ce a yi wa ɗansa aiki irin na rigarsa sak, sai dai ƙarami. Mai aikin hannu bai damu ba, idonsa ne ma'auni. Haka aka gada tun zamanin da fataken goro daga ƙasar Hausa suka cika kasuwar Salaga, kafin yaƙin basasar 1892 ya watsa su, suka bazu da zanen aska takwas da dagi zuwa zango-zango. Amma mai injin kwamfuta, shi da sauran aiki a gabansa.

Zanen da ake loda wa inji, kamar DST na Tajima ko PES na Brother, jerin wuraren da allura za ta soka ne kawai. In aka ja shi ya ninka tsawo da faɗi, filin ya ninka huɗu, yawan sukar kuwa yana nan yadda yake, sai yadi ya riƙa leƙowa ta tsakanin zare. Zaren da ya wuce milimita 7 kuma yakan saki, ya maƙale da abu.

Ragewa ta fi ɓarna. Tazarar da aka saba bari tsakanin layukan zare kusan milimita 0.4 ce. Da an matse ta, allura na sukar wuri ɗaya, zare na tsinkewa, wuyan riga ya sandare ya tattare. Shi ya sa gwanaye ba sa wuce kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari wajen ƙara zane ko rage shi. Abin da ya haura haka sai a koma ga zanen asali, irin EMB na manhajar Wilcom, wanda ke sake lissafa sukar da kansa.

Yadi ma da nasa hali. Fugu, saƙar hannu mai kauri irin wadda Nkrumah ya sa ranar samun 'yancin Ghana, 6 ga Maris 1957, ba ta ɗaukar zare yadda shadda ke ɗauka, ga kuma gaɓoɓin da aka harhaɗa saƙar. Zanen da ya kwanta lumui a shaddar kasuwar Bawku yana iya nutsewa a kanta.

Gwaji a kan ƙyalle ba ɓata zare ba ne. Duk mai kai ɗinkin Damba ko na Sallah, ya nemi a nuna masa gwajin a kan irin yadinsa kafin a ɗora rigar a inji.