Baƙo da Mai Masauki: Girka Babbar Manhajar Uwar Garke a Cikin Kwamfutar Kwaikwayo



Gabatarwa

Kafin mu shiga cikin batun namu, ya kyautu mu daidaita a kan ma'anar kalmomi uku. Uwar garke ita ce kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima, kamar wadda ke riƙe da sakamakon jarrabawar ɗalibai ko lissafin albashin ma'aikata. Babbar manhaja kuwa ita ce ke tafiyar da dukkan sassan kwamfuta, kamar Windows Server ko Linux. Ita ko kwamfutar kwaikwayo ba ta da gangar jiki: wata manhaja ce ke kasafta ƙarfin inji guda, kowane kashi ya yi kama da cikakkiyar kwamfuta. Masana suna kiran wannan inji da manhajarsa mai masauki, babbar manhajar da aka girka a kowane kashi kuma baƙo. Wanda ya san gidan fatoma, inda fatake ke sauka kowa da ɗakinsa alhali rijiya ɗaya ce ƙofa ɗaya, ya riga ya fahimci rabin zancen.

Asalin Abin

Wannan dabara ba sabuwa ba ce. Kamfanin IBM na Amurka ya gwada ta a kan manyan injunansa tun 1967, ya kuma fito da VM/370 a 1972. A 1974 Gerald Popek da Robert Goldberg suka zayyana sharuɗɗan da inji zai cika kafin ya iya saukar baƙo, amma masarrafar ƙananan kwamfutoci ta daɗe ba ta cika su ba. Kamfanin VMware ya kewaye matsalar da dabarun manhaja a 1999, sannan Intel a 2005 da AMD a 2006 suka gina taimakon a cikin masarrafar kanta. Daga nan KVM ya shiga cikin Linux a 2007, Microsoft kuma ya fito da Hyper-V a 2008.

Baƙon da Bai San Matsayinsa Ba

Ita babbar manhaja an tsara ta ne bisa zaton cewa ita kaɗai ke da inji. Saboda haka akwai hanyoyi biyu na saukar ta. Ta farko ita ce mai masauki ya ruɗe ta, ya kwaikwayi kayan da ta saba da su, kamar faifai nau'in SATA da katin sadarwa na Intel. Baƙo zai karɓa ba gardama, sai dai duk umarnin da ya aika sai mai masauki ya tare shi ya fassara, wannan kuwa yana cin lokaci. Hanya ta biyu ita ce a gaya wa baƙo gaskiya, a ba shi direbobi, wato ƙananan manhajojin da ke magana da kayan aiki, waɗanda aka rubuta musamman domin zaman baƙunci. A KVM ana kiran su virtio.

Bari mu ɗauki misalin girka Windows Server a kan KVM. Idan aka zaɓi faifan virtio, sai manhajar girkawa ta kai inda za ta tambayi wurin da za a saka ta, ta nuna babu faifai ko ɗaya. Ba lalacewa ba ce. Windows ba ya zuwa da waɗannan direbobi. Maganin shi ne tun farko a haɗa faifai na biyu mai suna virtio-win, a ɗebo direban daga cikinsa, nan take faifan zai bayyana. Shi kuwa Linux ya ƙunshi virtio tun 2008, don haka ba ya bukatar wannan.

Akwai kuma shawarar da ake yankewa tun kafin girkawa, wato hanyar tada inji: ko tsohuwar BIOS ko UEFI. Sauya ta daga baya aiki ne ja, kuma faifan da Windows zai tashi daga kansa in ya wuce terabait 2, ba za a mori dukkansa ba sai da UEFI.

Rabon Kaya

A nan ne karamci ke iya zama illa. Mutum zai zaci in ya ba baƙo ƙwayoyin masarrafa masu yawa zai ƙara sauri, alhali mai masauki ne ke raba musu lokaci bi da bi, kuma in alkawari ya fi abin da ke hannu sai kowa ya shiga jira. Gara a fara da kaɗan, a auna, a ƙara. Haka nan faifai: ana iya nuna wa baƙi goma cewa kowanne yana da gigabait 500, alhali ainihin faifan bai kai jimillar ba, domin wurin ba ya cika sai an yi rubutu. Ranar da ainihin ya cika kuwa, baƙin duka za su tsaya cik lokaci guda.

Bayan Girkawa

Abu na farko shi ne a saka wa baƙo wakilin mai masauki, kamar VMware Tools ko wakilin QEMU, domin a iya umartarsa ya kashe kansa cikin tsari idan wuta ta ɗauke kuma batir ya kusa ƙarewa. Na biyu, agogo. Agogon baƙo yakan zame, kuma tsarin Kerberos, wanda Windows ke tantance masu shiga da shi, bisa al'ada yana ƙin wanda agogonsa ya saɓa da fiye da minti 5. Sai a wayi gari ma'aikata sun kasa shiga alhali kalmar sirrinsu daidai take. Na uku, in za a kwafi baƙo a yi wasu da shi, a fara goge shaidarsa, a Windows da Sysprep, don kada a sami biyu masu amsa suna ɗaya. Na huɗu, lasisi: Windows Server Standard yana halatta baƙi biyu ne kawai bayan an biya wa dukkan ƙwayoyin injin, waɗanda ba a lissafa ƙasa da 16, shi kuwa Datacenter ba shi da iyaka.

Kammalawa

Amfanin wannan tsari a fili yake: aikin da dā sai injuna goma, yanzu ɗaya ko biyu sun wadatar, an rage wuta da zafi da kuɗin gyara. Amma gida ɗaya gobara ɗaya. Hoton halin baƙo da ake ɗauka kafin gyara, don a koma baya in an sami matsala, ba ajiya ba ne, domin ya dogara ga ainihin faifan. In faifan ya mutu sun tafi tare. Saboda haka wajibi ne a riƙa kwafe baƙi zuwa wani inji a wani gini, a kuma riƙa gwada maido da su, domin sakamakon ɗalibi na shekara huɗu bai kamata ya rataya a kan faifai guda ba.