Faifan kwamfuta: girman ma'ajiyar wucin gadi ba shi ne sauri ba

Tun da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kan kwamfuta kacokan a 2015, masu shagunan rajista da buga takardu a Haɗeja suka ƙara samun ciniki, ga kuma ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Binyaminu Usman. Da yawa cikin kwamfutocin shagunan na hannu ne, masu faifai mai juyawa. In an je sayen faifan, ɗan kasuwa kan nuna lambar da ke jikinsa, 32MB ko 64MB ko 256MB, ya ce mafi girmar ita ce mafi sauri.

Lambar tana nuna girman ma'ajiyar wucin gadi ne, 'yar ƙwaƙwalwar da ke manne da faifan. Aikinta biyu: tana ɗebo bayanan da ke gaba da wanda aka nema, ko za a buƙace su, tana kuma riƙe abin da aka aiko a rubuta har allurar faifan ta kai wurinsa. A ƙananan ayyuka masu zuwa a tare, tana rage jira.

Amfaninta dai yana da iyaka. Manomin fadama ya san ko madatsun ruwan Tiga da Challawa sun cika maƙil, in kacalla ta toshe magudana, ruwa kaɗan ne zai kai gonarsa. Magudanar faifai ita ce juyawarsa: mai juyi 5,400 a minti ba ya kamo mai 7,200. Fayil na gigabayit biyu kuwa yana cika ma'ajiyar nan take, daga nan sai a koma tafiyar allura. Ban da haka, Windows na yin irin wannan ajiya a cikin RAM, wadda ta ninka ta faifan sau da yawa.

Akwai kuma hatsari. Abin da ke ma'ajiyar yana ɓacewa da zarar an ɗauke wuta, alhali faifan ya riga ya sanar cewa ya adana. Inda ake yini ana sauyawa tsakanin wutar gwamnati da janareta, ta nan fayiloli ke lalacewa a kwamfutar tebur.

Saboda haka mai shagon da kuɗinsa ba su da yawa ya fara da na'urar UPS mai riƙe wuta in an ɗauke, sai ƙarin RAM, sai faifan SSD marar allura, wanda jiransa bai kai kashi ɗaya cikin goma na mai juyawa ba. Lambar ma'ajiya ta zama ta ƙarshe a lissafinsa.