Likitar da Ta Ƙi Sallamar Patrick Sawyer

Ranar Lahadi, 20 ga Yuli, 2014, jirgin kamfanin ASKY ya sauka a filin jirgin sama na Murtala Muhammed da ke Legas. Fasinjojin Monrobiya ya kwaso, bayan an yada zango a Lome. A cikinsu akwai Patrick Sawyer, ɗan Laberiya mai takardar zama ɗan Amurka, mai shekara 40, wanda ke aiki da ma'aikatar kuɗi ta ƙasarsa. Kalaba ya nufa, wurin taron ƙungiyar ECOWAS. Tun a sama jiki ya ƙi masa, ana sauka kuwa ya yanke jiki ya faɗi.

A lokacin likitocin gwamnati suna yajin aiki tun farkon watan, don haka aka wuce da shi wani asibitin kuɗi, First Consultants, a Obalende. Duk wanda ya san Ikko ya san Obalende: tashar motoci, 'yan acaɓa, masu tsire, jama'a kafaɗa da kafaɗa daga asuba har tsakar dare. Nan aka kwantar da shi, aka ɗibi jini, aka ga zazzaɓin cizon sauro, aka fara magani. Zazzaɓi ya ƙi sauka. Ga amai, ga gudawa.

Washegari Dakta Ameyo Stella Adadevoh ta shigo zagayen duba marasa lafiya. Babbar likita ce mai shekara 57, ta ƙware a cututtukan da suka shafi sinadaran jiki irin su ciwon sukari, ta kuma shafe sama da shekara ashirin a asibitin. Mahaifinta, Farfesa Babatunde Kwaku Adadevoh, ya taɓa shugabantar Jami'ar Legas, ita kuma tattaɓa-kunnen Herbert Macaulay ce, mutumin da hotonsa ke jikin naira ɗaya. Ba ta taɓa ganin mai cutar Ebola da idonta ba, domin ba a taɓa samun cutar a Najeriya ba. Amma ta dubi mutumin, ta dubi inda ya fito, hankalinta bai kwanta ba. Aka tambaye shi ko ya yi hulɗa da mai Ebola, ya ce sam. Alhali 'yar'uwarsa ta rasu da cutar a Monrobiya a farkon watan nan, kuma ya kusance ta lokacin jinya.

Sharrin Ebola shi ne yadda take shigowa da kamannin zazzaɓin da kowa ya saba da shi. Ciwon kai, kasala, zafin jiki, wa zai ce ba maleriya ba ce ko taifot? Tana iya ɓuya a jiki daga kwana 2 zuwa 21 kafin ta bayyana. Idan ta bayyana, jini da amai da bayan-gida da gumin mara lafiya duk sun zama guba ga mai taɓa su, gawa kuwa ta fi komai haɗari. Shi ya sa masu jinya da masu wankan gawa suke fara faɗawa.

Dakta Adadevoh ta sa aka ɗibi jininsa aka aika gwaji, ta sanar da hukumomin lafiya na jihar Legas da na tarayya. Asibitin ba shi da ɗakin killacewa, ba shi da kayan kariya irin na wannan cuta. Sai ta shiga intanet ta nemo bayanai, ta buga a takarda ta rarraba wa ma'aikata, aka kafa shinge a ƙofar ɗakinsa, aka tanadi safar hannu da ruwan kashe ƙwayoyin cuta. Da abin da ke hannu aka fara.

Daga nan rigima ta tashi. Sawyer ya ce lallai sai an sallame shi. Ya kai har ya fizge allurar ƙarin ruwa daga hannunsa, jini ya fantsama a ɗakin. Ta waje kuma waya ta yi ta shigowa daga jami'an Laberiya, suna neman a sake shi ya je taronsa. Shugaban asibitin, Dakta Benjamin Ohiaeri, ya bayyana daga baya cewa har barazanar kai su kotu aka yi, wai sun tsare mutum ba bisa ƙa'ida ba. Ita dai ta tsaya a kan bakanta: ba inda za shi sai sakamako ya fito.

Wannan wuri ne ya fi tsaya mini a rai. Mun san yadda aiki yake a ƙasar nan. Babban mutum ya kira, a ce daga sama aka ce, sai ma'aikaci ya sa hannu ya kawar da kai, don kada ya jawo wa kansa abin da ya fi ƙarfinsa. Da ta rubuta takardar sallama, babu wanda zai zarge ta a ranar. Mara lafiya ne ya nema, manya suka goyi bayansa, sakamako bai fito ba tukuna. Hanya a buɗe take, kuma ita ce mafi sauƙi. Da ya fita, jirgin Kalaba zai hau, ya zauna a zauren taro da wakilan ƙasashen Afirka ta Yamma. Ga kuma Legas, birnin da ake ƙiyasta mutanensa da kusan miliyan 20, wanda kullum tireloli da motocin dare ke tashi daga Agege da Mile 12 zuwa Kano, Sakkwato, Maiduguri, har Maraɗi. Abu kamar a jefa garwashi a rumbun kaka.

Sakamako ya tabbatar Ebola ce. Sawyer ya mutu ranar 25 ga Yuli, aka ƙone gawarsa. Sai dai kafin nan cutar ta riga ta kama waɗanda suka yi ɗawainiya da shi a kwanakin farko. Akwai wata matashiyar ma'aikaciyar jinya mai ƙaramin ciki, wadda ranar da ta fara aiki a asibitin ita ce ranar da aka haɗa ta da shi. Cikin ya zube, ita ma ta rasu a tsakiyar Agusta. Wata likita matashiya, Dakta Ada Igonoh, ta kamu, ta sha jinya a cibiyar killacewa ta Yaba, Allah ya tashi kafaɗunta. A ranar 4 ga Agusta aka tabbatar Dakta Adadevoh ta kamu. Ta rasu ranar 19 ga Agusta. Ma'aikata huɗu asibitin ya rasa.

Da yawa daga cikinmu abin da muka fi tunawa a lokacin shi ne asubahin 8 ga Agusta, da wayoyi suka yi ta ruri daga 'yan'uwa: a tashi a yi wanka da ruwan gishiri, a kuma sha, wai yana kare mutum daga Ebola. Mutane suka kwankwaɗa, wasu suka ƙare a gadon asibiti, har aka rasa rayuka. Namijin goro ma ya yi kasuwa. Gaisawa da hannu ta ragu, aka ajiye bokitin wanke hannu a ƙofar bankuna da ofisoshi, aka ɗage komawa makarantu zuwa 22 ga Satumba.

Kwanakin da Dakta Adadevoh ta riƙe Sawyer su ne suka ba hukuma damar shiryawa. Aka ɗauko tsarin da aka gina don yaƙi da shan-inna, aka kafa cibiyar gaggawa a Legas ƙarƙashin Dakta Faisal Shuaib. Ma'aikata suka bi sawun mutum 894 da suka yi hulɗa da masu cutar, suna zuwa gida-gida suna auna zafin jiki, ziyara kusan 18,500. Mutum ɗaya ya sulale ya gudu Fatakwal, wani likita ya yi masa magani a ɓoye a otal, likitan ya kamu ya mutu, amma can ma aka yi maza aka tare cutar. Gaba ɗaya mutum 20 suka kamu a Najeriya, 8 suka rasu. A Gini da Laberiya da Saliyo kuwa, sama da mutum 28,000 suka kamu, fiye da 11,000 suka mutu. A Hajjin shekarar Saudiyya ta hana maniyyatan ƙasashen nan uku shiga, alhazan Najeriya kuwa suka sauke farali. Ranar 20 ga Oktoba, bayan kwana 42 ba sabon kamu, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana cewa Najeriya ta rabu da Ebola.

Da aka fitar da jerin masu karɓar lambar girmamawa ta ƙasa a shekarar, sunan Dakta Adadevoh ba ya ciki. Fadar shugaban ƙasa ta ce ba a ba mamaci. Jama'a suka yi ta ƙorafi, kuma da gaskiyarsu. Danginta suka kafa gidauniyar DRASA mai horar da ma'aikatan lafiya kan kare kai daga cututtuka masu yaɗuwa, a 2016 aka yi fim mai suna 93 Days a kan abin da ya faru, aka kuma sa wa wani titi a Abuja sunanta. Lambar girmamawa ta OON ba ta zo ba sai a Oktoban 2022, shekara takwas bayan rasuwarta.