Me ya sa odar leda kaɗan ta fi tsada?

Mai sana'ar yaji ko garin kunu, ranar da ta fara zuwa masana'anta a Sharaɗa ko Bompai don a buga mata leda mai sunanta, takan dawo da ɓacin rai. An ce mata ba a karɓar oda ƙasa da kilo kaza, in kuma an karɓa, kuɗin kowace leda ya ninka. Sai ta ɗauka an raina jarinta ne.

Ba raini ba ne, aikin ne ya gaji haka. Kafin inji ya fitar da leda ko ɗaya, sai an yi farantin bugu, kuma kowace kala da nata: zane mai kala huɗu, faranti huɗu. Sannan a wanke injin daga tawadar aikin baya, a ɗaura, a yi ta saiti har jan ya hau inda ya kamata, baƙin rubutu ya daina inuwa. Duk ledar da ta wuce a wannan lokacin shara ce, ga janareta na shan mai, ga ma'aikata a tsaye. In kwali ne, sai an ƙera wuƙar da za ta yanke shi daidai girman kayanki.

Wannan kuɗin ba ruwansa da yawan oda. A ɗauka ya kai naira 200,000. In guda 1,000 kika nema, kowace ta ɗauki naira 200 tun ba a lissafa ledar kanta ba. In 50,000 ce, naira 4 kacal.

To amma kada arahar nan ta ja ki. Jarin da ya kamata ya sayo barkono da citta zai kwanta a lungun ɗaki, kwali kuwa damina ɗaya ta ishe shi ya yi laushi, balle gara ta gano shi. Abin da ya fi ciwo: lambar NAFDAC ta fito bayan an gama bugu, ko kin sauya shago ko lambar waya, alhali tsohuwar na jikin leda dubu arba'in.

A ganina, mai farawa ta sayi farar leda ta manna sitika har sai ta san nawa take sayarwa a wata. Ranar da za ta yi babbar oda kuma, ta tambaya tun kafin ta biya: farantin nan nawa ne ko na kamfani, kuma in na dawo za a sake cajina kuɗinsa?