Labarin miyagu da masu farautarsu a adabin Hausa

Labarin bincike shi ne wanda ake aikata ta'asa, jami'i ya bi sawu har ya bankaɗo mai laifi. A Hausa, shekarar 1982 ce ta fito da shi sosai. A shekarar aka buga Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, kan fasa-ƙwauri da cin hanci, da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, wanda kisa da ta'addancin cikinsa ke tayar da tsikar jiki.

Mutumin Babura, da ke bakin iyakar Nijar, ba sai an yi masa bayanin fasa-ƙwaurin da ke cikin Turmin Danya ba. Abin lura, a littattafan biyu mugun ne ya cika fage. Jami'in tsaro kuwa, sau da yawa sai ya fara fama da miyagun da ke cikin hukumarsu.