Me Kake Bugawa Kwanan Nan?

Duk inda masu wasan bidiyo biyu suka haɗu, a Tokyo ne ko a Landan ko a shagon gem na bayan kasuwa a Kaduna, da an gama gaisawa tambayar da ke biyowa ita ce: me kake bugawa kwanan nan? Kamfanonin da ke zuba miliyoyin daloli wajen ƙera wasa ɗaya da tallata shi sun fi son a amsa da sunan abin da suka fitar a watan jiya. Sai dai ba kasafai burinsu ke cika ba. Mutum zai ɗan sosa ƙeya ya ce har yanzu yana nan kan Counter-Strike, ko ya koma Minecraft, ko kuma GTA V ne ya ƙi sakinsa. Asalin Counter-Strike tun 1999 ne. Minecraft ya fara bayyana a 2009, GTA V kuwa a 2013. Wasu daga cikin masu buga su a yau ba a haife su ba lokacin da aka fara.

Alƙaluma ma haka suka nuna. Steam, babbar kasuwar wasannin kwamfuta da kamfanin Valve na Amurka ya buɗe a 2003, takan fitar da taƙaitaccen lissafi a ƙarshen kowace shekara. Na 2024 ya nuna kashi 15 cikin 100 kacal na lokacin da mutane suka kashe a kanta ya tafi ga wasannin da suka fito a shekarar. Kashi 47 ya tafi ga masu shekara ɗaya zuwa bakwai, kashi 37 ga masu shekara takwas ko fiye. Wannan kuwa a shekarar da aka saki sababbin wasanni sama da 18,000 a kasuwar. Kamfanin Newzoo na Holan, mai bibiyar wannan harka, ya lissafa cewa a 2023 wasanni biyar kaɗai, wato Fortnite da Roblox da League of Legends da Minecraft da GTA V, sun cinye sama da rubu'in lokacin da aka kashe ana wasa a kwamfuta da na'urorin gem.

Dalilin bai da wuyar ganewa ga wanda ya san zaman majalisa. Mutum ba ya sauya majalisa don an buɗe wata mai sababbin benci a layi na gaba. Inda abokansa suke nan yake zuwa bayan isha'i, ko da hirar jiya za a maimaita. Manyan wasannin nan sun koma wurin haɗuwa. Wanda ya yi shekara biyar yana League of Legends ya haddace gwanaye fiye da ɗari da dabarun kowanne, yana da tawagar da ta san hannunsa, ya kuma kashe kuɗi a kan kayan ado na cikin wasan. Barin wasan na nufin barin duk wannan, ya koma ɗan koyo a wani wuri. Su ma kamfanonin sun gane, shi ya sa suka daina sayar da wasa su juya baya. Fortnite, tun fitowarsa a 2017, ana sauya masa fili da makamai da labari duk bayan 'yan watanni, don kada mai bugawa ya ji ya ƙoshi.

To idan haka ne, ta wace ƙofa sabon wasa zai shigo? Mafi yawan lokaci ta bakin mutane. Babu misalin da ya kai na Among Us. Wani ƙaramin kamfani mai suna Innersloth, mutum uku ne kawai a cikinsa a lokacin, ya fitar da shi a watan Yunin 2018. Tsarinsa mai sauƙi ne: 'yan wasa na aiki a cikin kumbo, a cikinsu akwai maci amana ɗaya ko fiye da ke kashe sauran a ɓoye, idan an tsinci gawa sai a kira taro a yi ta musu har a jefa ƙuri'ar korar wanda ake zargi. A farkon fitowarsa, masu bugawa a lokaci guda ba su wuce 30 zuwa 50 ba. Haka ya yi ta jan ƙafa kusan shekara biyu. Masu nuna wasansu kai-tsaye a Koriya ta Kudu da Brazil ne suka fara ɗaga shi, sannan a tsakiyar 2020, lokacin kullen korona, manyan masu watsa wasa a dandalin Twitch suka kama. Kafin ƙarshen Satumba mutum sama da miliyan uku na bugawa a lokaci guda. A watan Oktoba 'yar majalisar wakilan Amurka Alexandria Ocasio-Cortez ta buga shi kai-tsaye tare da takwararta Ilhan Omar don jan matasa zuwa rumfunan zaɓe, mutum fiye da 400,000 na kallo. Masu kamfanin sun riga sun sanar da kashi na biyu, dole suka soke shi suka koma gyaran na farkon. Wasan da aka yi wa rububi a 2020 kusan shi ne dai wanda aka share a 2018. Abin da ya ƙaru shi ne wani ya ce wa wani, zo ka ga abin da muke bugawa, kuma wasan ba ya daɗi sai da mutane da yawa, saboda haka duk wanda ya shiga sai ya jawo wasu.

Wordle kuma darasi ne a kan yadda ake faɗar. Josh Wardle, injiniyan manhaja ɗan yankin Wales mazaunin New York, ya sake shi ga jama'a a Oktoban 2021: kalma ɗaya ta Turanci mai harafi biyar a kowace rana, dama shida ta cinka. A farkon Nuwamba mutum 90 ke bugawa. Sai wasu 'yan wasa a New Zealand suka ƙirƙiro hanyar nuna sakamakonsu da ƙananan akwatuna masu launin kore da rawaya da toka, ba tare da tona kalmar ranar ba. Wardle ya ga dabarar ya sa ta a cikin wasan a Disamba. Zuwa farkon Janairun 2022 masu bugawa sun haura 300,000, kafin watan ya ƙare jaridar New York Times ta saye shi a kan kuɗin da ya kai aƙalla dala miliyan ɗaya. Akwatunan nan sun warware wata tsohuwar matsala ta masu ba da labarin wasa, wato yadda za ka yi alfahari da abin da ka yi ba tare da ka ɓata wa na bayanka daɗin ganowa da kansa ba.

Ganin ƙarfin wannan al'ada, kamfanoni suka ɗora wa na'ura aikin faɗar. Steam da Xbox da PlayStation na nuna wa abokanka wasan da ka buɗe a daidai wannan lokaci. Discord, manhajar hirar 'yan gem da ta fito a 2015, tana liƙa sunan wasan a ƙarƙashin sunanka. Steam har yawan awannin da ka ƙona take rubutawa a gefen ra'ayin da ka bayar, shi ya sa akan ci karo da mutumin da ya yi awa dubu a kan wasa yana rantsuwa cewa ba shi da kyau, kada kowa ya saya. A nawa ganin, wannan ci gaban ya rage wa hirar armashi. Na'ura ta san sunan wasan da adadin awanni, amma ba ta san cewa mutumin ya koma Stardew Valley, wasan noma da kiwo da Eric Barone ya gina shi kaɗai ya fitar a 2016, ne saboda ya gaji da harbe-harbe yana neman abin da zai kwantar masa da hankali kafin barci ba. Wannan bayanin kuwa shi ne ke sa aboki ya gwada. Na'urar ta kuma tona wani asiri da 'yan gem ke yi wa juna tsiya a kai: tarin wasannin da aka saya lokacin rangwame, aka jibge, ba a taɓa buɗewa ba.

A wajenmu amsar tambayar takan bi aljihu da wutar lantarki kafin ta bi sha'awa. Tun 2020 manyan sababbin wasanni suka fara kai dala 70, kuɗin da idan aka canza shi ya zarce mafi ƙarancin albashin Nijeriya na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024. Wasu daga cikinsu na buƙatar a sauke fiye da gigabayit 100, ga mai sayen data ƙwaya-ƙwaya. Shi ya sa shagon gem bai mutu ba, inda ake biya a buga wasa ɗaya a miƙa wa na gaba, kuma shi ya sa ƙwallo ta mamaye shi. Musun da aka gada can shi ne na PES da FIFA, ko da yake duka biyun sun sauya suna: Konami ta mayar da PES ɗinta eFootball a 2021, EA kuma ta rabu da hukumar FIFA ta koma EA Sports FC a 2023, amma samari ba su fasa kiran su da sunayen da ba. A waya kuwa za ka ji Dream League Soccer, ko PUBG Mobile, ko Call of Duty Mobile, ko Free Fire na kamfanin Garena na Singafo, wanda tun asali aka tsara shi ya yi aiki a ƙaramar waya. Nan ma dokar ɗaya ce: abin da 'yan unguwa ke bugawa shi za ka sauke, don da su za ka kara.

Akwai kuma waɗanda ba a cika yi wa tambayar ba sam. Matar aure da ta wuce mataki na dubu a Candy Crush, da mai shago da ke buga Ludo a waya tsakanin ciniki da ciniki, da yaron da ke aron wayar yayarsa don Subway Surfers, ba wanda ke kiran kansa ɗan gem a cikinsu, kuma lissafin Steam bai san da zamansu ba. Alhali wasannin waya su ke kawo kusan rabin kuɗin da wannan masana'anta ke samu a duniya. Candy Crush da Subway Surfers duka a 2012 suka fito, wato su ma tsofaffi ne.